Rigar Ruwan Inna

Anaca, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga Yaya Asibi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da Inna, da Kawu Mainasara da iyalinsa, da dukan mutanen Gungun Tsamiya. Ni ma lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da na yi a makon jiya, ya kuma wuce. Aikin hidimar ƙasa yana tafiya. Ina koyar da labarin ƙasa, yaran suna kirana Malam Hausa, ko da yake na sha gaya musu cewa mu Gungawa ne.

Tunda har yanzu babu sabis a gungunmu na tsakiyar ruwa, wayarki kuma tana ƙarƙashin tafki, zan ci gaba da ba Malam Auwal direban motar kifi wasiƙa duk lokacin da ya sauke banda a nan zai koma Wara. Takardunki suna zuwa mini da ƙamshin kifi. Ba ƙorafi nake yi ba.

Tare da wannan takarda akwai ƙunshi. Rigunan ruwa ne guda biyu, irin masu launin lemo da ke hana mutum nutsewa. Ɗaya ta Inna, ɗaya taki. Na duba ɗinkinsu da igiyoyinsu kafin in saya. A fara ɗaure igiyar ƙasa, sannan ta ƙirji. Idan ba a ɗaure ta ƙasa ba, rigar za ta haura wuya ta bar mutum cikin ruwa. Don Allah ki nuna wa Inna da hannunki, kada ki tsaya ga faɗa mata da baki.

Yanzu ga ainihin maganar. Na san al'adar cocinmu, cewa idan mutum ya cika shekara da rasuwa, ɗansa namiji ne ke kafa gicciye a kan kabarinsa, a yi addu'ar godiya. Na kuma san ni kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. Ban ƙi kafa na Baba ba. Roƙona shi ne a ɗaga ranar daga ƙarshen Afrilu zuwa Disamba.

Ga dalilaina. A Afrilu ruwan tafki yana ja da baya, kututturan itatuwan da ya shanye tun lokacin da aka gina madatsar ruwa suna matsowa sama, ba a ganinsu sai jirgi ya hau kansu. Baba ne yake bin su kowace shekara yana kafa gora da jan tsumma a kansu, kuma ban ji wanda ya karɓi wannan aiki bayansa ba. Na biyu, lokacin ne iskar farkon damina ke tasowa daga gabas ba sallama. Ita ce ta kife kwalekwalen Baba, ba sai na tuna miki ba. A Disamba kuwa ruwa cike yake, a kwance. Jama'a za su ƙetaro daga Wara da Yelwa, har da tsofaffi da mata masu goyo. Bai kamata a tara su a kan ruwa a mafi munin wata ba.

Ki karanta wa Inna wannan a hankali, ki rubuto mini abin da ta ce daidai yadda ta faɗa.

Ƙanenki,
Gideon

Gungun Tsamiya, 2 ga Maris

Malam Digiri,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Duk muna lafiya. Inna lafiya lau, albasarta ta bakin ruwa ta yi kyau bana. Kawu ya ce a gaishe ka, ya ce kuma a tambaye ka ko a jami'a ne aka koya maka cewa iska tana tasowa daga gabas, don shi bai biya ko kwabo ba ya sani.

Riguna sun iso, mun gode. Na nuna wa Inna yadda ake ɗaurewa, igiyar ƙasa tukuna, kamar yadda ka ce. Ta sa, ta zaga tsakar gida da ita, yara suna ta dariya. Daga nan ta tuɓe, ta danna ta da hannu, ta ce tana da laushi. Yau da nake rubuta maka, a kanta take ɗora kai ta yi barci. Ta ce wuyanta ya daina ciwo. Na ce mata za ka yi fushi. Ta ce, “Ubangijina ma ya yi barci cikin jirgi da matashi ƙarƙashin kainai, iska na bugawa. Ni da ke bisa tudu mi zai hana ni?”

Maganar kututture, ka kwantar da hankalinka. Kawu ya karɓi aikin. Ya ce ba ya barin gorar surukinsa ta faɗi. Shi ne ma ya ciro katako daga jikin kwalekwalen Baba ya kai wa kafinta a Wara, aka yi gicciyen da shi. Wani ya ce masa kai musulmi me ya haɗa ka da wannan, ya ce abin da ya haɗa shi da Baba Andarawus ya fi shekara talatin a jirgi ɗaya. Gicciyen yana jingine a ɗakin Inna.

Kwanakin nan gungu ya cika. Mutanen wasu ƙauyuka na tudu da 'yan bindiga suka kora sun ƙetaro wurinmu, wasu suna kwana a coci, wasu a masallaci, wasu a rumfunan banda. Yawanci mata ne da yara. Hatsi ya yi tsada, amma ba wanda ya kwana da yunwa tukuna.

Na karanta wa Inna wasiƙarka har sau biyu. Ga abin da ta ce, daidai yadda ta faɗa: “Ranar da Allah ya kira shi ita ce ranar. Ba ni ɗaga godiya. Ki ce wa Auta ina jiran shi.”

Wannan nata ne. Ga nawa, kuma ka yi haƙuri. Bara, bayan an binne Baba kana can kana jarrabawa, ka zo har bakin ruwa a Wara. Ka sa ƙafa ɗaya cikin jirgin Kawu, ka fitar da ita, ka ce ka manta wata takarda a makaranta. Inna ce ta ƙetaro ta same ka, tana cikin makoki, ta zauna da kai a rumfar mai shayi har yamma. Ba wanda ya ce maka komai. Amma Disambar da ta wuce ma ruwa cike yake a kwance, ba mu gan ka ba. Har yau ba ka ga kabarin ubanka ba. To, ban yarda tsofaffin Yelwa kake tausayi ba.

Yayarka,
Asibi

Anaca, 13 ga Maris

Yaya Asibi,

Na gaishe ki cikin sunan Yesu, ke da Inna da kowa. Ina lafiya. Allah ya duba waɗannan mutane da aka kora, ya kuma ƙara muku ƙarfin riƙe su. Ki gode mini wa Kawu ƙwarai saboda gora da kuma katakon.

Rigar ba matashi ba ce. Idan aka yi ta danne ta, soson da ke ciki yana lanƙwasa, ƙarfinta na ɗaga mutum yana raguwa. Na faɗa, na fita.

Da na karanta ƙarshen takardarki na so in ce miki sansanin horo ne ya hana ni zuwa a Disamba. Sai na duba, na ga an sallame mu kafin Kirsimeti. Don haka wannan ba hujja ba ce. Abin da na rubuta game da ruwa da iska duk gaskiya ne, ba zan janye ko ɗaya ba. Amma abin da kika faɗa shi ma gaskiya ne.

Kogin da ya ratsa garin nan shi ne Kwara ɗinmu. Ruwan da ya wuce ta bakin albasar Inna, shi ne yake zuwa ya bi ta ƙarƙashin babbar gadar nan. Idan dole ta sa na hau gadar, nakan nemi kujerar tsakiya a mota, in sa ido a bayan wuyan wanda ke gabana har mu sauka. Tun rasuwar Baba ban yi barcin kirki ba. Ina kwanciya sai kaina ya fara aiki: mutum nawa jirgin Kawu yake ɗauka, nawa yake ɗauka ranar kasuwa idan an roƙe shi, wace rana ke za ki ƙetara da yara, idan injin ya mutu a tsakiya filafili nawa ke ciki. Da safe in tashi kamar wanda ya kwana yana tuƙi.

Ba wai na daina addu'a ba. Ina zuwa sujadar Hausa da ake yi kusa da kasuwa, ina yin tawa safe da yamma. Sai dai addu'ar ma ta zama kamar aikin duba jarrabawa. Ina jera sunayenku ɗaya bayan ɗaya, idan na ga kamar na tsallake wani sai in koma farko, don ina jin wanda na manta shi ne ruwa zai ci. Na san ba haka Allah yake ba. Sanin bai hana ba.

Abin da na kasa ganewa shi ne Inna. Ita ce ta tsaya a bakin ruwa har aka fito da gawar Baba. Ita ce ke buɗe ƙofa kullum ta ga wurin. Ni da nake nesa ban iya rufe ido, ita kuwa tana barci har tana yabon matashi. Ki tambayar mini ita yadda take yi. Da gaske nake, ba gardama ba ce.

Game da Afrilu, ba zan yi alkawarin da ban tabbata zan cika ba. Idan na kasa, ko za a yarda maigidanki ya kafa a madadina?

Ƙanenki,
Gideon

Bakin ruwan Wara, 26 ga Maris

Gideon,

Gaisuwa. A tsaye nake rubutu, Malam Auwal ya riga ya tayar da mota. Muna nan dai.

Inna ta ce gicciye ba ya tashi daga ɗakinta sai a hannunka. Amsar tambayarka kuma ta ce ba ta aika ta cikin takarda, sai ka zo. Kwanan nan ta buɗe akwati ta rabar da zannuwanta, har da na bikinta, biyu kawai ta bari. Ta sa an share fili kusa da kabarin Baba, ta ce nan ne wurinta. Yanzu har da rana barci take yi, in ta farka ta yi ta waƙa. Ta ce ta sauke kayanta, ta huta. Ta ce in gaya maka kada ka yi jinkiri.

Sauran sai wani jiƙon.

Asibi

Anaca, 30 ga Maris

Yaya,

Na gaishe ki. Ina lafiya. Me ke damun Inna?

Kullum kina rubuta “Inna lafiya lau.” Wannan karon kin rubuta “muna nan dai.” Mace ba ta rabar da zanen bikinta haka kawai. Wurin da ta sa aka share, na mene ne? Tun yaushe take barcin rana? Tana cin abinci? Ƙafafunta sun kumbura? Tana rama? Idonta fa, ki ja fatar ƙasa ki duba, ja ne ko fari? An kai ta asibiti a Wara ko Yelwa? Idan an kai ta, me aka ce, wane magani aka ba ta? Ki kwafo mini sunan daga jikin kwalin harafi bayan harafi.

Kada ki ɓoye mini don kina ganin ba zan iya ɗauka ba. Haka aka yi lokacin Baba, sai da na gama jarrabawa aka gaya mini. Na gane dalilin, amma kada a sake.

Ki ba Malam Auwal amsa a wannan zuwan.

Gideon

Anaca, 12 ga Afrilu

Yaya Asibi,

Gaisuwa cikin sunan Yesu wanda ya tashi daga matattu. Barkanmu da Ista. Jikina lafiya.

Ban sami amsarki ba. Na yi ta zuwa wurin sauke kifi, motar Malam Auwal ba ta zo ba, ba wanda ya san dalili. Wayarsa ba ta shiga, ta Kawu kuma a kashe, kamar yadda take kullum in yana gungu. Wannan takarda zan ba wani direban albasa mai zuwa Yelwa. Mai yiwuwa in riga ta isowa.

Zan zo. An ba da hutun makaranta, na karɓi izini a rubuce. Ki gaya wa Kawu zan kwana a Wara ranar ashirin ga wata, ina so mu ƙetara da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Bari in gaya miki yadda aka yi, don kada ki ɗauka na zama jarumi. Makon da ya wuce shi ne mafi muni tun rasuwar Baba. Na binne Inna a cikin kaina ban san sau nawa ba. Ranar Ista na je sujada, na durƙusa zan fara jera sunaye kamar kullum, sai na kasa wuce sunanta. Na tsaya a kansa. Na ga cewa duk wannan shekara ina ta lissafi, lissafin bai ƙara mata rana ɗaya ba, bai kuma rage iska ba. Na aika riga, na aika gargaɗi, ga shi abin da nake tsoro ya biyo ta ƙofar da ban tsare ba. Sai na ce, Ubangiji, Inna taka ce tun kafin ta zama tawa. Idan za ka bar mini ita, na gode. Idan za ka ɗauke ta, ka ba ni in same ta da rai. Iyakar addu'ar ke nan. Ban ambaci sauranku ba, ban kuma koma farko ba.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Amma akwai wani abu da ya kwanta a ƙarƙashin tsoron, ban san sunan da zan ba shi ba. Na fito daga coci na sayi abinci na cinye duka, abin da na daɗe ban yi ba. Ban san halin da zan tarar ba, duk da haka na tabbata wanda yake riƙe da ita a can shi ne yake riƙe da ni a nan, kuma ba ya bukatar in tuna masa.

Ki ajiye mini rigarki, ita zan sa. Ki ce wa Inna Auta yana hanya.

Ƙanenki,
Gideon

Gungun Tsamiya, 14 ga Afrilu

Ƙanena,

Salama. Inna lafiya lau. Na sake rubutawa: Inna lafiya lau. Ga shi da manyan baƙi in kana so, INNA LAFIYA LAU.

Sai jiya takardarka ta talatin ga Maris ta iso. Motar Malam Auwal ce ta lalace a hanyar dawowa, ya yi ta jiran kayan gyara. Da na fara karantawa dariya na yi, da na kai ƙarshe sai na ji kunya. Laifina ne, na rubuta maka a tsaye kamar mai ba da saƙon cefane.

Zannuwa, matan nan da aka kora ta ba. Wasu da zane ɗaya suka gudo, in sun wanke sai su zauna cikin ɗaki har ya bushe. Na bikin ta ba wata mai suna Sumayya da ta haihu a rumfar banda. Na ce Inna, har wannan? Ta ce, “Shekara nawa yana ciyar da asu cikin akwati? Bari ya goya ɗa.”

Filin da aka share, benci aka kafa a wurin. Da yamma takan je ta zauna tana gyaran albasa tana kallon ruwa. Shi ne wurinta da ta ce. Barcin rana kuwa, tun asuba take tashi ita da matan zumunta suna dafa wa baƙin nan kunu, ka ga dole ta rama barcin. Kada ka yi jinkiri ɗin, Kawu ne ya ce mata gara ka riga hadarin farko. Na ja fatar idonta na duba kamar yadda ka ce. Ja ne. Ta buge mini hannu.

Ba zan ɓoye maka ba, na ce mata mu yi shiru, tunda tsoron nan zai kawo ka. Ta ɓata rai. Ta ce, “Ba ni son a jawo min yaro da ƙarya zuwa kabarin ubanai. Rubuta mai gaskiya yanzu. In ya zo, ya zo da ƙafarshi. In bai zo ba, gicciye ba ya ruɓewa, ni ma ban gaji da jira ba.”

To ga gaskiyar. Ba mai mutuwa. Idan ka zo mun gode Allah, idan ba ka iya ba tukuna, kai ɗanmu ne dai.

Yayarka,
Asibi

Anaca, 6 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Asibi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Na iso lafiya, na koma aiki. Ina fata kun huta gajiyar baƙi. Ki gaishe da maigidanki da yara, da Sumayya da jaririnta, da matan zumunta da suka yi ta cika mini kwano.

Na tarar da takardarki ta sha huɗu ga Afrilu tana jirana a wurin mai gadin makaranta. Mun yi saɓani da ita a hanya. Na zauna na karanta ta da jakata a kafaɗa. Na tambayi kaina, da ta same ni kafin in tashi, da na zo? Amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Ba zan ƙara wa kaina abin da ban tabbatar ba.

Kin ga isowata, kin ga yadda na sauko daga jirgi ina neman gidan makoki, na tarar da Inna a bakin ruwa tana wanke tukunya tana faɗa da akuya. Kin yi dariyar da ta ishe ki. Amma akwai abu biyu da ba ki gani ba.

Na farko, bayan an kafa gicciye jama'a sun watse kuna rabon abinci, Inna ta zaunar da ni a bencin nan. Ta ce ga amsar tambayata. Ta ce bayan Baba ita ma ta yi watanni ba barci. Kullum tana bakin ruwa, duk jirgin da ya tashi sai ta raka shi da ido har ya ɓace, duk wanda ya dawo sai ta ƙirga kawunan da ke ciki. Ta ce, “Na zama mai gadin ruwa, ba wanda ya ɗauke ni aikin. Ran nan cikin coci na ce, Yesu, ni na gaji, ka karɓi gadin nan, kai ne ba ka gyangyaɗi. Na tahi gida na kwanta.” Na ce shi ke nan? Ta ce a'a, washegari ta sake karɓe gadin, ta sake mayarwa, haka ta yi ta yi har hannunta ya saba da saki. Ta ce har yanzu wani lokaci takan ɗauko kwanon Baba ta zuba tuwo kafin ta tuna, ta yi kukanta, ta ba yara. Sannan ta nuna mini gorar Kawu can cikin ruwa da jan tsummanta. Ta ce, “Ubanka yakan kafa gorarshi ya dawo ya ci tuwo ya yi barci. Gorar ce tashi. Ruwan ba nashi ba ne. Kai ma kafa taka, Auta, ka kwanta.”

Na biyu, ranar komawa. Kawu zai ba ki labarin ta yadda ya ga dama, don haka gara ki ji daidai daga wurina. Kin san Inna ta ce za ta raka ni Wara. Abin da ba ki gani ba, muna shiga jirgi ta ciro rigarta daga cikin buhu, ta sa, ta ɗaure igiyar ƙasa tukuna, sannan ta ƙirji, ba tare da na ce komai ba. Na duba soson, ya ɗan lanƙwasa ta gefen hagu, amma zai yi aiki. Kawu ya hana wasu mutum biyu masu buhunan albasa shiga, ya ce jirgi ya cika, suka yi ta magiya bai ko waiwaya ba. Ya dubi gabas, ya yi bisimilla, ya ja injin.

A zuwa, kin sani, na riƙe katakon jirgi har yatsuna suka sage, na yi amai sau ɗaya. Kawu ya ce sau uku. Sau ɗaya ne. A komawa ma na fara da riƙe katako. Da muka kai tsakiya iska ta ɗan taso, ruwa ya fara marin gefen jirgi yana fantsamo mana. Kawu ya rage wuta, ya karkata ya bi layin gora. Na ji kaina ya fara lissafin nan nasa. Sai na yi abin da Inna ta ce. Rigata a ɗaure take, jirgi bai yi nauyi ba, mai tuƙi ya san hanya. Nawa ya ƙare. Na ce, Yesu, ga gadin. Na sake karɓewa, na sake mayarwa. Inna tana gefena tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ina kallon jajayen tsummokin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, a wuraren da Baba ya saba kafa su.

Abin da na sani bayan wannan shi ne ƙarar jirgi yana gogar yashi, da muryar Kawu yana cewa, “Malam, in ka gama, mun iso Wara. Ko in zaga da kai Yelwa ka ƙarasa?” Ya ce na yi minshari har ya ɗauka injin ne ya samu matsala. Ban ji ba, don haka ba zan iya musantawa ba.

Tun da na dawo ina barci. Ba kowace rana ba, amma mafi yawa. A gadar nan kujerar taga na samu, na kuma duba ƙasa. Ruwanmu ne, na gane launinsa.

Zan zo a Disamba in Ubangiji ya yarda, zan kuma riƙo wasu rigunan saboda jirgin Kawu. Ki ce wa Inna na janye ƙorafina. A kafaɗarta na farka, kaina a kan rigar. Tana da laushi, kamar yadda ta ce. Ta ci gaba da matashi da ita, ni zan kawo mata sabuwa ta shiga jirgi.

Ƙanenki,
Gideon